Ƙaho a Cikin Gammo

Wannan ba tatsuniya ba ce, don haka kada kowa ya ce mini ta zo mu ji ta. Ta riga ta zo, ta wuce, ta bar ni zaune. Abin da ya tayar mini da ita, shekaranjiya jikata ta raka ni asibiti awon ido, muka biyo ta bayan kolej, sai na ga an jibge bulo da yashi daidai inda gidan yamma yake tsaye a da. Gidan ƙwallo nake nufi, itace biyu a tsaye, ɗaya a gicciye. Na ja na tsaya cak. Yarinyar ta ce, "Kaka, ƙafar ce?" Na ce, "Ba ƙafa ba ce. Mu je."

Yaran yanzu sun ce suna son ƙwallo. Ina kallon su, kowa ya dunƙule a lungunsa, waya a tafin hannu, igiya a kunne, yana ihu shi kaɗai kamar mai iskoki, wai wani gari na bayan teku ya ci wani garin. Suna yawo da riguna masu sunayen mutanen da ba su san da Tanut a duniya ba. Ban hana su ba, kowane zamani da rawarsa. Amma namu ƙwallon yana da warin zufa, yana da ƙaya. Wanda yake gudu a fili ka san uwarsa, ka san gonarsu, in ya ɓarar da ƙwallo gobe kana iya tare shi bakin rijiya ka gaya masa ido da ido. Ran Asabar, da an sallame azahar, gari yakan karkata gefe guda kamar kayan jaki. Maɗinka su rufe keke, mahauta su kife faifai, Buzayen da suka zo cin kasuwa su durƙusar da raƙuma bayan aduwa su jingina da su. Mutanen Gangara da na Olelewa tun hantsi suke tasowa. Ƴan kolej su fito, mafi yawansu ƙafa ba takalmi. Layin fili da toka ake ja, tokar murhunan unguwarmu, kafin a raba wasa biyu ƙafafu sun shafe ta. Gida kuwa ba raga, in ƙwallo ya wuce sai gardama ta kaure, ta ciki ya bi ko ta waje, har tsofaffi su tashi suna rantsuwa da rawaninsu.

Yayana, wanda nake bi, shi ne mai tsaron gidan ƴan kolej. Dogo ne siriri, tafin hannunsa kamar faifai. Kowace Asabar da hantsi yakan je ya durƙusa gaban gidan yamma yana tsince ƙarangiya da tsidau ɗaya bayan ɗaya, domin nan yake ƙarasa wasa, rana a bayansa, nan kuma yake faɗuwa.

Ni ruwa ne ya kai ni fili. Wanda bai zauna Damargu ba bai san darajar ruwa ba. Rijiyarmu sai jaki ya ja igiya ya yi nisa, ya koma kamar ɗan akuya a ido, sannan guga yake leƙowa. Ni nake ɗaukar tulu in kai wa Yaya da abokan wasansa, su sha a lokacin hutu, moɗa ɗaya tana zagayawa. Babu wata mace a bakin filin nan sai ni. Babanmu manomin gero ne, mai ƙarancin magana, bai taɓa taka wurin ba. Cewa yake yi, ƙarti ashirin da biyu suna bin salka ɗaya wadda ba ruwa a ciki. Ranar da ya yarda in fara zuwa, yana zaune yana tufka igiya, bai ɗago kai ba ya ce, "Ki kai ruwa, ki dawo da tulu. Amma ranar da na ji sunanki a bakin mutane, da daɗi ko ba daɗi, kin gama da filin nan, kin gama da ɗakin hoton kakanki. Kin ji?" Na ce, "Na ji, Baba." Shi mutum ne da ba ya maimaita magana, ba ya kuma janye ta.

Ɗakin hoton da ya ambata, shi ne rabin raina na biyu. Wani bafatake mai bin hanyar Agadas ya kawo akwatin hoto da injin wuta, ya ajiye su a tsohon ɗakin ajiyar gero. Ran Lahadi bayan azahar a toshe tagogi da buhuna, a cika ɗakin har numfashi ya yi wuya. Finafinan ba su da yawa, kuma tun a lokacin tsofaffi ne, hoton yana rawa, ruwan sama na ƙarya yana zuba a kansa, amma mun kalle su har mun san inda kowa zai yi tari. Garuruwa ne masu sanyi, ƙasa fari fat kamar an zubar da gari. Mutane masu dogayen riguna suna zama a benci, wannan ya ajiye jarida, wancan ya ɗauka, ba su ko gaisa ba. Akwai wanda muke kira Mai Kwat, ba ya zufa, ba ya ɗaga murya, ko an kewaye shi sai ya gyara wuyan rigarsa tukuna. Akwai kuma mugu, kullum da baƙin gilashi. Faransanci suke yi, mu kuwa ba mu ji, don haka sai aka sa Kaka Sarja fassara. Ƙanen kakata ne ta wajen uwa, tsohon soja, haƙoransa uku suka rage. Da ya hango ni bakin ƙofa zai ce, "Ku buɗe hanya, ga amaryata nan. Matso, uwar gida, kada ƙartin nan su taka mini ke." Ni kuma in ce, "Allah ya kiyaye in auri wanda ba ya iya tauna aya." Ɗaki ya ɗauki dariya, in zauna gindin ƙafarsa.

Fassarar Kaka Sarja ta fi fim ɗin daɗi. Bature zai yi magana doguwa, shi kuwa ya ce, "Ya ce masa ubanka." Wata mace ta yi kuka, ya ce, "Tana cewa gero ya ƙare a rumbu." Amma duk sa'ad da Mai Kwat ya bayyana, sai ya gyara zama, ya sa murya irin ta bariki, ya ce, "To, ku natsu. Wannan shi ne ɗan leƙen asiri."

A nan ƙafata ta zame, ban sani ba. Ni a gidanmu, in an ce asiri, abu ɗaya na sani: abin da ake naɗewa a fata ko a dura a ƙaho, a binne bakin ƙofar wani ko a mararraba don a karya shi. Ban taɓa jin cewa zancen da gwamnati ta ɓoye ma asiri ne ba. Saboda haka na ɗauka aikin Mai Kwat ke nan, ya bi sawun miyagu ya gano inda suka binne sammu ya tone. Kuma fim bai taɓa ƙaryata ni ba. Kullum yana laluben bango, yana buɗe ƙasan akwati, ya fito da wani ɗan abu ƙarami baƙi, ya ɓoye shi a dundunniyar takalminsa. Na ce a raina, ashe su ma Nasara suna da laya. Ban tambayi kowa ba, don ban ga abin tambaya ba. Da ma tsofaffi sun ce rashin sani ya fi dare duhu, amma ba su gaya mana cewa mai shi gani yake rana ce tsaka ba.

Ana nan, sai labari ya zo ƴan kolej ɗin birni za su zo daga Damagaram su kara da namu. Gari ya ɗauka. Aka ce suna da takalma masu haƙora, aka ce akwai wani a cikinsu in ya buga ƙwallo sai an ɗinke shi. Ina daka a tsakar gida na ji Yaya da abokansa a zaure, wani yana cewa, "Kai, da muna da ɗan leƙen asiri, da ya gano mana asirin mutanen nan." Su nufinsu wace kusurwa mai bugun yake so, dama ko hagu. Ni kuwa na ajiye taɓarya na ce, ashe har da asiri za su zo.

Ran Juma'a da yamma kamiyo, babbar motar kaya, ya sauke su. Ran Asabar, rana ba ta gama fitowa ba, ina dawowa daga rijiya, hanyata ta bi gefen fili. Sai na hango mutum shi kaɗai, baƙo, cikin waɗanda kamiyo ya kawo, da wando fari da baƙin gilashi. Baƙin gilashi da sassafe! Na sauke tulu na laɓe bayan aduwa. Ya tsaya tsakiyar gidan yamma, gidan Yayana, ya juya baya, ya fara takawa a hankali, bakinsa yana motsi da wasu kalmomi da ban sani ba, kowane taku da kalmarsa. Ya tsaya. Ya durƙusa ya tona rami da hannu, ya zaro wani abu daga aljihu ya cusa, ya mayar da yashi, ya daddanna da ƙafa. Ya waiga dama, ya waiga hagu, ya kaɗe hannu ya tafi.

Ku gaya mini, wa zai ga haka ya ce ba abin da ya gani?

Ban yi gaggawa ba, don Mai Kwat ba ya gaggawa. Na jira har ya sha kwana. Na je na bi sawunsa, na yi bisimilla, na tona da hannun hagu. Ƙahon akuya ne, ɗan ƙarami, an ɗaura masa jan ƙyalle. Na ce a raina, ga asirin nan. Na karanta duk abin da na iya, na tofa. Ba ni da takalmi mai dundunniya, amma ina da gammo. Na warware shi, na naɗe ƙahon a ciki, na ɗora a kai, na ɗora tulu a bisa, na share ramin da tafin ƙafa. Na shiga gida ina tafiya kamar ba ni ba. Inna ta ce, "Yau kuma wace irin tafiya ce wannan, kamar matar kumandan?" Na wuce na sauke tulu. Niyyata sai an ci wasa in kira Yaya gefe in warware masa gammo, in ga yadda idonsa zai yi.

Taron ranar ban taɓa ganin irinsa ba, har kan katangar kolej mutane ne. Da ƴan wasa suka fito, sai ga mai baƙin gilashina a tsakiyarsu da usur a baki. Shi ne alƙalin wasa. Na ce, lallai, mugun da kansa. Namu suna ihu, "Ƴan birni, ƴan shayi da burodi, yau za ku ci yashi!" Nasu da suka biyo su suna ramawa, "Ƴan ƙauye, a saya muku takalmi!" Takalman nan masu haƙora kuwa yashin Tanut ya riƙe su, suna gudu kamar masu tafiya cikin kunu. Kafin hutu wani ɗan Tarka da ke karatu a wurinmu, baƙi gajere, ya sa musu ɗaya da kai. Na kai ruwa, Yaya ya sha ya zuba sauran a ka, ya ce, "Ƙanwata, yau ko ƙuda ba zai wuce ni ba." Na taɓa gammona na yi murmushi. Ni na san dalili.

Aka juya, Yaya ya koma gidan yamma. Suka yi ta kawo hari yana kamawa. Rana ta yi ja, saura kaɗan a tashi, sai wani namu ya kwashe ƙafar ɗan birni a gaban gida. Usur ya yi ƙara. Fenalti, wato bugun daga kai sai mai tsaron gida. A da, in haka ta faru, mushen wasa, wato malamin wasa na kolej, shi ne yake auna taku sha ɗaya nan take, kullum kuma sai an yi rigima, waɗannan su ce takunsa ya yi tsawo, waɗancan su ce ya gajarta. Amma wannan alƙalin bai taka ba. Ya tafi kai tsaye wani wuri ya share yashi da ƙafa. Ya sake sharewa. Ya durƙusa ya tona. Ya miƙe ya cire gilashi.

"Ina alamar da na sa nan?" in ji shi. "Da safe na auna da kaina, gida biyu, na binne ƙaho a kowanne don kada a yi gardama. Na gabas yana nan. Wa ya cire wannan?"

Sai a lokacin na gane. Kalmomin da na ji yana yi, ashe ƙidaya ce da Faransanci.

Wani dogo cikin ƴan birni ya nuna Yaya da yatsa. "Mushe, shi ne! Da hantsi mun zo duba fili mun same shi durƙushe a nan yana tone-tone." Sauran suka ɗauka, "Shi ne, mun gan shi! Ya cire naka ya binne nasa!" Yaya ya ce, "Wallahi ƙaya nake tsincewa." Suka ce, "Ƙaya mai jan ƙyalle?" Alƙali ya dube shi ya ce, "Samari, ba na son ƙarya. Ka fita daga fili. Kuma zan gaya wa daraktan kolej ɗinku abin da ka yi." Na ga darakta ya taso daga kujerarsa, fuska a murtuke. Yaya yana shekarar jarrabawa. Ya tsaya hannuwa a sake, manyan hannuwan nan, bai san inda zai sa su ba.

Ba zan ce muku ban yi tunani ba. Na yi. Ba wanda ya gan ni, ko Mai Kwat ba zai fi ni share sawu ba. In na yi shiru, Asabar mai zuwa ina nan da tuluna, gobe Lahadi ina gindin ƙafar Kaka Sarja. In na buɗe baki, kafin in isa gida sunana ya riga ni. Na auna su biyun, na kuma san wanda ya fi nauyi, sai dai ƙafafuna sun ɗan yi gardama kafin su yarda.

Na ɗauki gammo na ratsa layin toka. Mace ba ta taɓa shiga filin nan ana wasa ba. Hayaniya ta mutu. Na je gaban alƙali na durƙusa, na warware, ƙaho ya faɗo a yashi.

"Ke ƴar wa ce?" in ji shi. "Wa ya aike ki?"

"Ba wanda ya aike ni, Mushe. Na ga kana binne wa Yayana asiri, na tone." Da na ga bai gane ba, sai na ƙara da murya irin ta bariki, "Ni ce ƴar leƙen asiri."

Alƙali ya dube ni, ya dubi ƙahon. Sai wata dariya ta fashe daga bayan aduwa, dariya mai iska, ta mai haƙori uku. Kaka Sarja ne, ya riƙe ciki yana dukan ƙasa da sanda. "Wayyo, amaryata ta kashe ni! Mushe, ka sake ta, laifin bakina ne. Uwar gida, ba wannan asirin ba, na takarda ake nufi!" Daga nan fili duka ya kece. Buzaye suna dariya cikin rawani, ƴan birni suna faɗuwa kan juna, har darakta ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Yaya kaɗai bai yi ba. Ya san maganar Baba kamar yadda na san ta. Ya ce a hankali, "Ƙanwata, me ya sa kika fito?" Na ce, "Koma gidanka, ga ƙwallo can."

Alƙali ya share hawayen dariya, ya sake taka sha ɗayansa, takun ƙarshe ya sauka daidai inda na nuna masa. Ya mayar da ƙaho, ya ce wa Yaya, "Ka yi haƙuri, samari." Na koma gindin tuluna. Na ce tunda na ƙarshe ne, da ido biyu zan kalle shi, ko ƙiftawa ba zan yi ba. Dogon nan da ya nuna yatsa shi ya ajiye ƙwallo. Ya ja baya, ya taho, ya narka. Yaya ya tashi sama ta hagu, ya miƙe kamar igiyar guga, na ji ƙarar fata a kan tafi, tas! Ƙwallo ya yi waje. Abin da ya biyo baya kunne ba ya iya riƙewa. Ta cikin ihun na jiyo ɗan birnin yana rantsuwa, "Wallahi an yi wa ƙahon nan aiki a cikin gammo!"

Ban jira an ɗaga Yaya a kafaɗa ba, na ɗauki tulu na kama hanya. Yara suna bina, "Ƴar leƙen asiri! Ƴar leƙen asiri!" Na tarar da Baba ƙofar gida yana ɗinkin guga. Labari ya riga ni, na gani a yadda bai ɗago ba. Na durƙusa.

"Wa ya gan ki kina tonowa?"

"Ba kowa, Baba."

"Wa ya tilasta miki ki faɗa?"

"Ba kowa."

Ya soka basilla ya ja zare, ya sake sokawa. Ya ce, "Kin yi daidai. Maganata kuma tana nan." Na ce, "Na sani, Baba." Ban yi kuka a gabansa ba. Kaka Sarja ya zo washegari da sandarsa ya yi roƙo har ya gaji, Yaya ya yi, Inna ta yi ta bayan fage. Baba ya ce in ya karya wannan, wace maganarsa ce za ta sake tsayawa a gidan. Ban sake taka filin ba, ban sake ganin Mai Kwat ba. Bai mutu a idona ba, yana nan yana gyara wuyan riga.

Asabar da ta biyo, azahar ta wuce, gari ya karkata ya bar ni da turmi. Ina jiyo ihu daga nesa yana tashi yana faɗuwa, ina daka ina fassara wa kaina. Sai na lura tabarmar Baba ba kowa, igiyarsa a yashe. Gab da magariba ya shigo, ƙarangiya ta cika bakin wandonsa. Ya zauna yana cire ta, ya yi gyaran murya.

"Na bi ta wajen ne kawai," in ji shi. "Sun yi ta gudu. Wanki ya kama biyu."

"Uku, Baba. Ihu uku na ji."

Ya yi lissafi da yatsu. "Na ukun itace ya buga."

"Ya taɓa shi kafin ya bugi itacen?"

Ya dube ni, ya dubi ƙayar da ke hannunsa. Ya ce, "Ban lura ba. Asabar mai zuwa zan matsa kusa."